Yarana ba sa tsayawa a hoto, in sun tsaya kuma sai murmushin dole

Wata 'yar'uwa ce ta yi tambaya, tana da yarinya 'yar shekara 3 da ƙaninta ɗan wata 9. Ta ce duk hoton da ta ɗauke su imma ya fito dishi-dishi saboda ba sa zama wuri ɗaya, ko kuma in an yi sa'a babbar ta tsaya sai ta yage baki ta washe haƙora ta yi wani irin murmushi da ko kaɗan bai yi kama da nata ba. Da waya take ɗauka, amma akwai kamara a gidan mai lens 18-55mm da aka jefa a durowa aka manta. Wai kayan aikin ne ba su da kyau ko yaran ne?

Toh 'yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Ni dai a abin da na gani a wannan sana'a, kina kashe ƙarfinki ne wajen saita abin da ba ya saituwa. A hoton yaro komai yana saituwa, haske, kamara, wurin da za a zauna, har ke kanki da inda zaki durƙusa, yaron ne kawai ba ya saituwa. Amma yawancin mutane sai su juya abin, su bar haske yanda suka same shi, su bar kamara a oto ta yi abin da ta ga dama, sannan su dawo kan yaro da "tsaya mana, kalle ni, yi murmushi, sauke hannun nan, wai ba da ke nake ba?" Ki gama da duk abin da yake hannunki tun kafin su san za a ɗauki hoto, sannan ki sakar musu mara.

Kuma wannan faman ba yau aka fara shi ba. A ƙarni na 19 lokacin da kamara ke buƙatar mutum ya daskare na wasu daƙiƙu kafin hoto ya kamu, masu hoto a Turai da Amurka har lulluɓe uwa suke yi da labule ko wani mayafi ta zama kamar kujera, a ɗora mata jaririn a cinya ta riƙe shi gam, in kika duba irin tsofaffin hotunan nan zaki ga hannun uwar ko ƙafarta sun leƙo. Su suna da uzuri, na'urarsu ce ba ta da sauri. Wayar da ke hannunki yanzu a haske mai kyau tana kama hoto cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, don haka babu dalilin da zai sa a ce wa 'yar shekara 3 ta daskare.

Bari in fara da murmushin, tunda shi ya fi ci miki rai. In kika ce wa yarinya ta yi murmushi, abin da ta fahimta shi ne ta nuna haƙora, kuma ta yi miki biyayya ai, ta nuna. Tun 1862 wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne, wanda ya riƙa jona wa tsokar fuskar mutane lantarki yana ɗaukar hotonsu, ya nuna cewa murmushin jin daɗi na gaske ba a baki kawai yake tsayawa ba, tsokar da ta kewaye ido ma tana matsewa, kumatu su ɗago, idon ya ɗan tsuke. Wannan tsokar kuma ba ta cika bin umarni ba, sai abu ya ba mutum dariya da gaske. Shi ya sa kike kallon hoton ki ga baki yana dariya ido yana kallonki ƙur, ki ce wannan ba 'yata ba ce. Saboda haka kalmar murmushi ma ki cire ta daga bakinki gaba ɗaya in kina riƙe da waya.

Abin da ke aiki ga 'yar shekara 3 shi ne shirme, kuma ke zaki yi shirmen ba ita ba. Ki ɗora takalminta a kanki ki tambaye ta da fuskar gaske ko hularki ta yi kyau. Ki nuna hancinta ki ce kai wannan kunnen naki ya girma, zata gyara miki da ƙarfi tana ƙyalƙyala dariya don a shekarun nan ba abin da suke so kamar su kama babba ya yi kuskure. Ko ki haɗe rai ki ce "kar ki kuskura ki yi dariya, na hana", wannan kam da wuya ya ƙi ci. In kuma kallon kamara kike so ta yi, ki tambaye ta wai me take gani a cikin gilashin nan, akwai wata 'yar tsuntsuwa a ciki ko ta tashi? Zata leƙo da idonta duka. Amma fa kowace dabara sau biyu ko uku take ci, daga nan ta gano ki, sai ki canza. Sannan ki sani ba lokacin da dariyar ta kai ƙololuwa ne hoton ya fi kyau ba, a nan ido a rufe yake baki a wangame, kai ya koma baya. Daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan nan, dariyar ta fara sauka, ido ya buɗe yana ƙyalli tana kallonki tana jiran ki ƙara, nan ne wurin. Mutane da yawa a daidai lokacin suke sauke waya don su duba abin da suka ɗauka.

Wannan duba sikirin ɗin ma ki rage shi, kuma don Allah kar ki fara nuna mata. Kina nuna mata sau ɗaya shikenan kin siya wa kanki, kowane ƙyas sai ta taso a guje "in gani, in gani". Ki ce mata sai an gama za a kalla tare.

Kuma ni ban yarda cewa dole sai yaro yana dariya hoto ya yi kyau ba. Yarinyar da ta duƙufa tana ƙoƙarin saka maɓallin rigarta, ta ɗan fito da harshe gefen baki, girarta a haɗe, wannan fuskar ita zaki nema nan da shekara 15 ki rasa. Ki ba ta abin yi na gaske, ta jera murafen kwalba, ta taje wa 'yartsanarta kai, ta hura kumfar sabulu, ta yi zane, ki bar ta ta nutse a ciki har ta manta da ke. In kina son ta ɗago sai ki kira sunanta a hankali sau ɗaya, yatsanki yana kan maɓalli tun kafin ki kira, saboda kallon farkon nan bai fi rabin daƙiƙa ba yake zama nata, bayan shi sai ta tuna ana hoto ta sa fuskar hoto.

Shi kuma ɗan wata 9 lissafinsa daban. Gaskiya yana cikin shekarun da suka fi daɗin ɗauka, ya iya zama da kansa, yana dariya da mutane, bai fara gudu ba tukuna sai dai rarrafe. Matsalarsa ɗaya, fuskarki yake yi wa dariya, ke kuma kina ɗaga kamara kin rufe fuskar, sai ya ga mamansa ta ɓace wani baƙin abu ya maye gurbinta, ya tsaya yana zare ido. Ki saita hoton, ki riƙe kamarar a wurin, sannan ki leƙo da fuskarki ta gefe ko ta sama ki yi masa wasa, ki ɓuya ki sake leƙowa, a wannan watannin wasan ɓuya da leƙe yana kashe su da dariya. Kuma lokacin ƙiwa ne, in baƙo ne zai ɗauke shi sai ya zauna a ƙasa ya yi hira da ke tukuna, kar ya tunkari yaron kai tsaye da kamara. Ki ɗauke shi bayan ya tashi daga barci ya ƙoshi, yaron da ke jin barci ko yunwa ba dabarar da zata yi aiki a kansa. Ki ajiye ɗan tsumma a kusa, miyau da majina da kwantsa a goge su kafin a danna, goge su da hannu daƙiƙa biyu ne, goge su a editin kuma aiki ne.

In akwai mai taya ki, mutum ɗaya ya isa, kuma ya tsaya a bayanki daf, kansa kusa da kamarar. In ya tsaya can gefe yana tafi duk hotunan zasu fito yaro yana kallon wani wuri. Mafi muni shi ne mutum huɗu kowa yana kiran sunansa daga kusurwa daban, yaro ya rikice ya fashe da kuka.

Yanzu haske, wanda shi ne ainihin maganin dishi-dishin da kike kuka da shi, ko da yake mutane ba sa haɗa su. Kamara ba ta ganin ɗaki yanda idonki ke gani. Ɗakin da ke kike ganin yana da haske, a wurinta duhu ne, sai ta bar shota, wato ɗan murfin da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe ya daɗe don ta tara haske, ta sauka 1/30 ko ma ƙasa da haka na daƙiƙa, a wannan ɗan lokacin kuwa hannun yaro ya yi tafiya, kansa ya juya. Abin nan da ake tallata waya da lens da shi na hana girgiza, rawar hannunki kawai yake gyarawa, ba ruwansa da motsin yaro. Don haka ko ki sayi wayar da ta fi kowacce tsada, in a tsakiyar ɗaki da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki kike ɗauka, zaki ci gaba da ganin hannu uku.

Ki nemi taga ko ƙofa mafi girma a gidan, da rana, a lokacin da rana ba ta faɗowa kai tsaye ta cikinta. Ki yaye labule gaba ɗaya, in kuma ranar tana shigowa ki bar farin labule mai shara-shara ya tace ta. Ki kashe ƙwan ɗakin, wannan mutane suna mamaki in na faɗa, amma hasken ƙwai da na taga kalarsu ba ɗaya ba ce, in suka haɗu sai rabin fuska ya yi ruwan ɗorawa rabi ya yi shuɗi-shuɗi kuma ba editin da zai gyara shi da sauƙi. Ki shimfiɗa abin zama kamar mita ɗaya daga tagar, ki zuba kayan wasan a nan, don wurin da kika ajiye kayan wasa nan yaro zai zauna ba sai kin ce masa ya zauna ba. Kusancin nan yana da muhimmanci, haske yana mutuwa da sauri in ana nisa da inda yake fitowa, a ƙa'ida in kika ninka nisan sau 2 abin da zai rage kusan kashi ɗaya cikin 4 ne. Taku biyu kawai zuwa cikin ɗaki ya isa ya mayar da hoto mai kyau ya koma dishi-dishi.

Tagar ta kasance a gefensu ko ta ɗan karkato gabansu, ke kuma ki zauna kusa da bangon tagar kina kallonsu. Kar tagar ta zama a bayansu ke kina fuskantarta, in ba haka ba zasu fito baƙi ƙirin taga ta yi fari fat. Yanda zaki gane kin samu daidai, ki kalli ƙwayar idon yarinyar, zaki ga wani ɗan farin murabba'i a ciki, hoton tagar ne, gefen fuskar da ke kusa da taga ya yi haske ɗaya gefen ya ɗan yi inuwa a hankali har kumatun ya fito da zagayensa. Wannan ɗan ƙyallin na ido shi ke sa hoto ya yi rai, in babu shi idon sai ya zama kamar rami. In inuwar ɗaya gefen ta yi yawa ki jingina farin kwali ko ki rataya farin zanin gado a kan kujera a can gefen, zai dawo da haske kan fuskar. Filasha ta kan waya ko ta kan kamara kuwa ki kashe ta kawai, tana daddaɓe fuska ta sa goshi ƙyalli ta jefa baƙar inuwa a bango, ga firgita yaro.

A waje kuma ranar tsaka ita ce abokiyar gaba, tana sauka daga sama sai idanu su faɗa cikin inuwa, goshi da hanci su yi ta walƙiya, yaro yana ta makale ido. Ki shigar da su inuwar gini ko baranda, amma bakin inuwar, fuskarsu tana kallon fili inda sama take a buɗe. Ƙarƙashin bishiya ki lura, hasken da ke ratsowa ta ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. In kina da zaɓi, awa ɗaya kafin faɗuwar rana ko bayan fitowarta ya fi, ki sa ranar a bayansu ta zana musu haske a gefen kai da kunne, ke kuma ki saita hasken hoton a kan fuska.

Wannan saita haske a kan fuska ki riƙe shi da kyau musamman in yaranki masu duhun fata ne. Kamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki, toh in yarinya ta sa farar riga ko bangon bayanta fari ne, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskar ta nutse. Tsohuwar matsala ce, shekaru da dama katin da kamfanin Kodak ke ba masu wanke hoto su saita kala da shi hoton farar mace ne a jiki, sai a 2021 ma Google ya fito da abin da ya kira Real Tone a wayarsa Pixel 6 don gyara yanda waya ke ɗaukar baƙar fata. A waya ki taɓa fuskar a sikirin, ki danne har ya kulle, sannan ki ja 'yar alamar rana da zata fito a sikirin sama kaɗan. A kamara akwai maɓalli mai alamar +/-, ki ƙara +0.3 zuwa +1 har fuskar ta fito da kalarta ta gaske. Ba cewa na yi ki haskake su su koma wasu ba, a'a, fatar ta fito yanda kike ganinta da ido. Kuma kar a laɓta musu mai a fuska daf da ɗaukar hoto, duk inda ya yi ƙyalli fari zai fito.

Kamarar nan ta durowa ki fito da ita, ta fi yanda kike zato. Ki juya dayal ɗin sama zuwa S in Nikon ce ko Sony, Tv in Canon ce, wannan yana ba ki damar ki zaɓi saurin shota ita kuma ta ji da sauran. Yaro a zaune yana wasa kar ki sauka ƙasa da 1/250, mai rarrafe ko tafiya 1/500, mai gudu da tsalle 1/1000. ISO, wato yanda kamara ke ƙara wa hasken da ta samu ƙarfi, ki sa shi a oto ki bar shi ya hau har 1600 ko 3200 in ya ga dama, eh hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki kamar yashi, amma wannan ana rage shi a editin kuma in an wanke hoton da wuya a lura, fuskar da ta goge saboda motsi kuwa ta tafi kenan. Fokos ki mayar da shi wanda ke bin abu in yana motsi, AF-C ake rubutawa a Nikon da Sony, AI Servo a Canon, in kuma kamarar tana da mai gane ido ki kunna shi. In babu, ki zaɓi ɗigon fokos guda ɗaya ki ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da ke. Ido ne ake fara kallo a hoto, in ya fito tar an yafe wa sauran. Sai ki kunna ɗauka a jere, ki riƙa danna uku huɗu ki saki, ba wai ki danne ki tara ɗari biyar da ba zaki taɓa zama ki duba ba.

Lens ɗin ki zuƙo shi zuwa wajen 35 zuwa 55 ki ja da baya, kar ki tsaya a 18 ki matso. Raunin wannan lens ɗin shi ne a 55mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f tana ƙaruwa ramin lens yana tsukewa), wato haske kaɗan yake sha, shi ya sa a cikin ɗaki yake wahala. In wata rana zaki ƙara abu ɗaya, 50mm f/1.8 ne, yana cikin mafi araha a kusan kowane kamfani, kuma yana shan haske kusan ninki 10 na wancan, ga narkar da abin da ke baya. In ɗakunanki ƙanana ne 35mm f/1.8 zai fi miki, don a irin waɗannan kamarorin 50 ɗin yana matsowa kamar 75 ko 80, sai ki ga kin manne da bango. Amma kar daɗin narkewar baya ya ɗebe ki ki zauna a f/1.8 kullum, da 50mm ɗin a nisan mita ɗaya abin da ke fitowa tar bai fi kaurin santimita 3 ba, yaro ya ɗan gyaɗa kai fokos ya koma kunne. Ni f/2.8 nake zama ga yaro ɗaya, in su biyu ne f/4 ko f/5.6.

Tunda na ambaci su biyun, haɗa 'yar shekara 3 da ɗan wata 9 a hoto ɗaya shi ne jarabawar gaske, kuma kar ki sa ran duk su kalle ki lokaci guda. Ki fara zaunar da ƙaramin tunda shi ba ya gardama, ki saita komai a kansa, sai a ƙarshe ki kira babbar ki ba ta aiki: ta raɗa masa magana a kunne, ta ƙirga yatsun ƙafarsa, ta duba miki ko haƙori nawa ya fito. Kawunansu zasu haɗu da kansu, in kawunan suna nisa ɗaya daga inda kike kuma duka zasu fito tar. "Rungume shi" kam ki guje ta, shaƙe shi zata yi da iya ƙarfinta.

In waya ce a hannunki duk maganar haske tana nan yanda take, har ma ta fi matsawa don idon waya ƙarami ne. Ki fara da goge gilashin da gefen mayafi, rabin hazon da mutane ke gani maiƙon yatsa ne. Lens ɗin 1x na yawancin wayoyi faɗi gare shi, wajen 24 zuwa 26mm, in kika kusanto da shi fuskar yaro sai goshi da hanci su kumbura kunnuwa su gudu baya, ki ja baya ki sa 2x ko 3x in akwai haske sosai, 0.5x kuma ba na fuska ba ne sam. Night mode ki kashe, hotuna da yawa yake ɗauka cikin 'yan daƙiƙu ya haɗa, yaro ba zai jira shi ba. Filtar gyaran fuska ma ki kashe, fatar yaro ba ta buƙatar a goge ta, mayar da ita roba kawai yake yi. Portrait, mai narkar da bayan hoto, yana kyau in yaron ya natsu, amma ki duba gefen gashi da kunne da yatsu, yana yawan cinye su. Ɗauka a jere a iPhone na yanzu ki ja maɓallin ɗauka zuwa hagu ki riƙe, a yawancin Samsung ki ja shi ƙasa. Live Photo na iPhone kuma yana ajiye daƙiƙa 1.5 kafin ki danna da 1.5 bayan kin danna, sai ki shiga ki zaɓi inda idon yake a buɗe. In abin ya gagara gaba ɗaya, ki ɗauki bidiyon 4K a haske mai kyau ki ciro hoto daga ciki, kowane ɗaya wajen megafiksel 8 ne, ya isa a wanke madaidaici.

Sai maganar tsayi, wadda ba ta cin ko sisi amma ita ke raba hoton da aka ɗauka da wanda aka ƙyasta kawai. In kina tsaye kina ɗaukar yaro daga sama, abin da zaki samu ƙaton kai ne da ƙananan ƙafafu da tayil ɗin ƙasa. Ki sauko lens ya yi daidai da idonsa, ga babbar ki durƙusa ko ki zauna dirshan, ga mai rarrafe sai kin kwanta rub da ciki, haka aikin yake, kayanki zasu yi datti. Da waya akwai sauƙi, ki juya ta kai ƙasa lens ɗin ya koma kusa da ƙasa. Kina saukowa zaki ga bayan hoton ma ya canza, sai ki duba me ke can, bokiti, wayar caja, tulin wanki, ƙafar wani. Ki kawar da su tun farko, ki kuma nisanta yaran da bango kamar mita 2 in wuri ya bari. Kaya kuma wanda suka saba da shi suke sakewa a ciki, marar manyan rubutu da zane a ƙirji, sabon kaya mai ƙaiƙayi da takalmi mai matsi rigima kawai zasu jawo miki. Kuma kar ki tsaya a fuska kaɗai, ki ɗauki hannun nan mai ramuka a bayan yatsu, da ƙeya, da yanda yake kama ƙafarsa yana kaiwa baki.

Da zafi-zafi akan daki ƙarfe, minti 10 zuwa 15 na farko su ne naki, daga nan sun gaji. In babbar ta ce ba ta so, ki ajiye, gobe ma rana ce kuma yaran a gidanki suke, wannan gatan ko mu masu sana'ar ba mu da shi. In kika matsa mata yau, gobe tana ganin waya zata juya baya. Wajen zaɓe kuma ki yi rashin tausayi, cikin hoto 60 in kin samu 4 masu kyau kin yi aiki, haka kowa yake yi, ba a nuna miki sauran ne kawai. Editin kaɗan ya isa, Snapseed ko Lightroom na waya, ki ɗaga haske, ki gyara kala in ta karkata, ki yanke gefe. Tabon faɗuwa a gwiwa ko ɗan ƙurjin da zai warke cikin sati kina iya gogewa in kin so, amma tabon haihuwa da wushirya da kalar fata nasu ne, a bar musu.

Abu biyu da ba na wasa da su. Hotunan jarirai da kike gani an tallafe haɓa da hannu biyu ko an rataye su a cikin zani, yawancinsu hoto biyu ko uku aka haɗa a kwamfuta, akwai hannun babba yana riƙe da kan a kowanne aka goge shi, kar ki gwada a gida. Kar ki ɗora ɗan wata 9 a kan tebur ko bakin gado ki ja baya don ki ɗauka, a ƙasa ake ɗaukarsu, in kuma zaki ɗauka daga samansa yana kwance igiyar kamara ta kasance a wuyanki. Na biyu shi ne inda hoton zai je. Na wanka da na tsirara kar su hau intanet ko da kina ganin 'yan'uwa ne kawai ke kallo, haka wanda bajon makaranta ko lambar gida ta fito a ciki, ɗan wani kuma sai kin tambayi iyayensa kafin ki ɗora. Waya tana iya rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin, ki shiga saitin kamara ki kashe mata izinin wuri. Wannan ya fi muhimmanci in zaki tura wa mai wanke hoto ta WhatsApp, don dole ki tura shi a matsayin dokumen in kina so kar a matse shi ya lalace, shi kuma dokumen da duk bayanan da ke cikinsa yake tafiya.